Filin Baba Bakanike: Akori-kura da Dakon Icce

Assalamu alaikum. Yawancin wasiƙun da suka iso mini a wannan watan magana ɗaya suke yi, wato tsohuwar akori-kura da dakon itacen girki. Ba abin mamaki ba ne. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, iskar gas kuma ta yi tsada, gidaje da yawa sun koma wa murhu, su kuma masu dako kowa na son sawu ɗaya ya yi masa aikin sawu biyu. Na tsamo guda biyar daga ciki. Ta farkon ce za ta fi cin wuri, domin sauran duk a kanta suka rataya.

Tambaya: Baba, barka da aiki. Ina da akori-kura Peugeot 504 da na gada wurin mahaifina, Allah ya jiƙansa. Da ita nake ɗauko icce daga ƙauyukan wajen Gwaram ina kai wa gidajen burodi biyu. Na sa an yi mata kejin ƙarfe da ya kai ƙirjina in na tsaya a cikin bodi, kuma cika shi nake yi. Yanzu in na gama lodi bayanta zaunawa yake yi, har taya na gogar bodi a kan burji. Bakanikena ya ce in kawo kuɗi ya ƙara mata sifirin bibbiyu kowane gefe, wai daga nan ba abin da zai gagare ta. Injinta lafiya lau, tana jan kayan ba gardama. In ƙara?
*Mai dakon icce, Birnin Kudu, Jihar Jigawa*

Amsa: Amin, Allah ya yi masa rahama. Ɗana, kada ka ƙara sifirin don ka ci gaba da wannan lodin. Lodin za ka rage. Na san ba haka ka so ji ba, saboda haka matso mu yi lissafi tare.

Bodin 504 tsawonsa wajen mita 2 ne, faɗinsa wajen mita ɗaya da rabi. Kejin da ya kai ƙirjin namiji ya yi mita 1.2. In ka haɗa, wurin ya kai kubik mita 3.6. Icce ba ya cika wuri tam, akwai ramuka tsakanin gungume da gungume, don haka mu zubar da kashi 40 cikin 100. Saura kubik mita biyu da 'yan kai na zallar icce. To marke da ƙirya da bagaruwa, waɗanda masu burodi suka fi so saboda garwashinsu na daɗewa, kowane kubik mita nasu yana kusan kilo 900 ko da sun bushe. Ka ga tan biyu ake magana, ko dab da haka. In ɗanye ne ya zarce nan, domin akwai itacen da kusan rabin nauyinsa ruwa ne a ranar da aka sare shi.

Ita kuwa wannan mota, da 'yan'uwanta su 404 da tsofaffin Hilux, abin da aka ƙera su su ɗauka tan ɗaya ne da ɗan ɗoriya. A cikinsa kuma ake lissafa kai kanka, da yaronka, da ƙarfen kejin da ka ɗora, da safaya, da jak, da jarkar ruwa. In aka cire waɗannan, rabon icce bai wuce kilo 800 ba. Kilo 800 na busasshen marke a bodinka iyakarsa gwiwarka. Kai kuma har ƙirji kake kaiwa. Sannan ka tuna wannan lissafin na sabuwar mota ne. A 1975 Peugeot ta fara fitowa daga masana'antar Kaduna, kuma mafi ƙuruciyar akori-kurar 504 da ke kan hanya yau ta doshi shekara ashirin, da yawa sun haura talatin. Ƙarfe yana gajiya.

Ka ce injin na jan kayan. Zai ja mana. Injin da aka sa wa giya ɗaya zai ja fiye da haka ma. Amma ba a auna ƙarfin motar kaya da injinta. Da tayarta ake aunawa, da birkinta, da aksul ɗinta na baya, kuma ƙarin sifirin ba ya ƙara wa ko ɗaya daga cikinsu ƙarfin ƙwayar zarra. Jaki in aka yi masa mangalar da ta fi ƙarfinsa gurfanawa yake yi, dole mai shi ya rage. Zaman da bayan motarka ke yi, gurfanawarta ke nan. Abin da bakanikenka zai yi shi ne ya hana ta gurfana, nauyin kuwa yana nan daram.

Bi nauyin ka ga inda yake sauka. Daga bodi ya hau shasi, daga shasi ya hau sifirin, daga nan aksul, sai boris, sai shaf, sai ƙusoshin taya, sai taya. A waɗannan ƙananan motoci, shaf ɗin da ke juya tayar baya shi ne kuma yake ɗauke da nauyinta, saɓanin manyan motoci da aka raba wa kowane ƙarfe aikinsa. In boris ya ƙone ko shaf ya karye, tayar na iya ficewa gaba ɗaya da durom ɗinta, birkin kuma ya tafi a lokaci guda. An sha jawo mana irin waɗannan gareji da ƙafa uku, kuma kusan duk wadda na leƙa ƙarƙashinta sai in tarar da tarin sifirin da aka ƙara mata. Mai ita ya daina ganin alamar obalodi, sai ya yi ta ƙarawa.

Akwai lokacin da taɓa sifirin ya zama dole. In ganye ɗaya ya karye, ko duk sun miƙe sun rasa lanƙwasarsu har mota na zaune ba kaya, a canja su da irin nasu, gefe biyu tare. Kada ka yarda a yi wa karyayyen sifirin walda, wutar na kashe ƙarfen. Kana nan kuma ka sa a wanke ƙarƙashin motar, ka shiga da tocila ka duba shasi a inda kunnuwan sifirin suke da kuma bayan ɗakin direba. A nan tsagewa take farawa, siririya, tsatsa na bin ta. Ka sa a ɗaure notocin ƙarafan nan masu lanƙwasa da ke riƙe sifirin a jikin aksul. Bayan tafiya da kaya, ɗora bayan hannunka kusa da tsakiyar kowace tayar baya. In ɗaya ta fi 'yar'uwarta zafi sosai, ko ka ga mai na tsatsafowa ta bayan durom, boris ne yake sallama.

Ga dabarar da nake koya wa duk wanda ba shi da sikeli. Bayan an gyara sifirin, je wurin mai sayar da siminti ko taki ka roƙi arziki. Buhu ɗaya kilo 50 ne. A jera maka buhu 16 a bodi, a baje su daidai, a kan ƙasa mai shimfiɗa. Ka ɗauki sanda ka auna daga ƙasa zuwa leɓen bodi, daidai saitin tayar baya, ka yanke ta a nan. Wannan sandar ita ce sikelinka, a bayan kujera za ta riƙa kwana. A daji, da zarar bodi ya sauko ya yi daidai da kanta, lodi ya ƙare, ko da keji bai kai rabi ba. Za ka ga ranar da ka ɗauko busasshiyar darbejiya ko gawo ko ƙiraren sabara kaya sun tashi sama sosai kafin sanda ta tsayar da kai, ranar ƙirya kuwa tun da wuri.

Ban manta da kuɗin mai ba, na san shi ne ciwon. Amma ka lissafa farashin tayoyi biyu, da kuloci, da shaf, da kwanakin da mota za ta yi a gareji masu burodi na neman wani. Kada garin neman ƙiba a samo rama. In kana son riba ta gaskiya, daina biyan kuɗin mai don ɗauko ruwa. Ka yi ciniki da mutanen ƙauye su faskara su tara maka ya bushe, ka ɗauko busasshe. Ya fi sauƙi a mota, ya fi zafi a tanda, mai burodin da ya san aikinsa zai ƙara maka kuɗi a kansa. Ina kuma roƙonka, tunda abin na damuna: marke da ƙirya sun yi nisa da garuruwanmu, abin da da ake samu a bayan gari yanzu sai an yi doguwar tafiya. Ka tsaya kan matattu da sassabe da abin da malaman daji suka ba da izini, ka bar tsayayyen ɗanye.

Tambaya: Salam Baba. Tsohuwar Hilux ce gare ni mai shan gas. A bazarar da ta wuce tayar baya ta fashe mini sau biyu da lodin icce, ɗaya kusa da Kwanar Dangora, Allah ya kiyaye ban kife ba. Tayoyin 'yan Beljiyam ne amma zanensu da saura sosai. Mai faci ya ce zafin kwalta ne, in riƙa rage iska in rana ta take. Haka ne?
*Direba, Sabon Garin Zariya*

Amsa: Alhamdu lillahi da ka tsira. Malam, shawarar mai facin nan ita ce za ta fasa maka ta uku. Zafin da ke kashe taya daga cikinta yake tasowa. Duk juyi ɗaya gefenta na lanƙwashewa ya miƙe, kuma iya ƙarancin iska da yawan nauyi, iya yawan lanƙwasawar. Robar ta yi zafi, ta saki wayoyin da ke cikinta, sai ka ji ƙara. Zafin kwalta taimakawa kawai yake yi. Da safe ake auna iska, taya na sanyi. In ka yi tafiya ka ga geji ya hau, haka aka yi ta, kada ka sace ko kaɗan. Ka kuma sayi gejinka na kanka, ba shi da tsada. Bugun taya da ƙarfe a saurari ƙara ba awo ba ne.

Yanzu tsuguna ka karanta gefen tayarka. Tayar kaya za ka ga harafin C bayan lambar girmanta, misali 185R14C ko 195R14C, sau da yawa da 8PR a kusa. Sai wasu lambobi kamar 102/100. Wannan 102 ɗin na nufin taya ɗaya na ɗaukar kilo 850, in 106 ne kilo 950, kuma sai an cika ta da iskar da aka rubuta a jikinta, wadda a irin waɗannan takan kai 65 a geji. Biyu na baya ke nan kilo 1,700 zuwa 1,900, kuma a ciki har da nauyin bayan motar kanta, wanda ya haura rabin tan tun ba a ɗora komai ba. Abin da na fi gani a ƙarƙashin akori-kura shi ne tayar ƙaramar mota mai lamba 88, wadda iyakarta kilo 560. An saye ta don ta shiga rim kuma ta fi araha. Irin wannan ko lodin halal ba za ta ɗauka ba.

Sai shekaru. Nemi inda aka rubuta DOT, ka bi layin zuwa lambobi huɗu na ƙarshe. In ka ga 2318, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2018. In lambobin uku ne kacal, kafin shekarar 2000 aka yi ta, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta daɗe tana gargaɗi a kan tsofaffin tayoyi, kuma da gaskiyarta. Zane mai kyau ba ya hana roba tsufa. In aljihu bai kai sababbi huɗu ba, sayi biyu sababbi masu C ka sa a baya, sauran su biyo baya in hali ya yi. Duk tayar da ta yi ƙulu a gefe ko ta tsattsage, ta gama aiki, ko safaya ba ta cancanta ba.

Tambaya: Baba, ina gaisuwa. Daga tsaunukan wajen Doguwa nake sauko da icce. Don tattalin mai nakan sa firi a gangara, wani lokaci in kashe injin. Kwanan baya birki ya yi mini laushi a tsakiyar gangara, na taka har ƙasa, ga wari, da ƙyar na tsaya. Da ya huce sai ya dawo daidai. Wani abokin aiki ya ce in man birki ya yi ƙasa ruwan omo ma na yi. Me ke damun birkin?
*Matashin direba, Tudun Wada, Jihar Kano*

Amsa: Ɗana, wasiƙarka ta tayar mini da hankali, kuma ina so ka daina abubuwan nan biyu daga yau. Birki aikinsa mayar da gudu zafi. Motar da ke ɗauke da icce tana gangarowa a firi, duk nauyinta a kan ɗan lainin birki yake, ba mai taya shi. Durom ya yi zafi ya buɗe, lainin ya yi santsi, warin da ka ji ke nan. Laushin kuwa man birki ne ya tafasa. Sabon mai, irin wanda aka rubuta DOT 3 a gwangwaninsa, sai zafi ya kai digiri 205 yake tafasa, amma yana shan danshin iska a hankali, in ya tsufa yana iya tafasa a 140. Da ya tafasa sai kumfa, kumfa kuwa matsewa take yi, ƙafarka ta tafi ƙasa ba abin da ya kama. Ruwa a digiri 100 yake tafasa, ga shi yana cinye robobi yana sa tsatsa. Ka ga amsar abokinka. A zubar da man gaba ɗaya a sa sabo duk shekara biyu, DOT 3 ko DOT 4, daga gwangwanin da aka buɗe a gabanka.

Kashe injin ya fi firi muni. Tukunyar nan da ke bayan fedar birki, wadda ke sa takawa ta yi sauƙi, daga injin take samun ƙarfinta. In ya mutu, taku biyu ko uku ne suka rage maka, daga nan feda ta zama dutse. In kuma ka murɗa makulli ya wuce, sitiyari na iya kullewa kana tsakiyar kwana. Man da ka yi tsiminsa bai kai kofin shayi ba.

Ƙa'idar tsofaffin direbobi ita ce, giyar da za ka hau tudu da ita, da ita za ka sauko shi. Ka sa ta tun kana bisa, kafin mota ta ɗauki gudu, domin in ta ɗauka giyar ba za ta shiga ba. Bar injin ya yi ta kuka, aikinsa yake yi. Birki kuma a taka da ƙarfi a saki, a ba shi iska, kada a ɗora ƙafa a bar ta. Duk wanda ya san Hawan Kibo a hanyar Jos ya san abin da doguwar gangara ke yi wa motar kaya. Ko a shimfiɗaɗɗiyar hanya, tazarar da birki ke buƙata a gudun 80 ta ninka ta gudun 40 sau huɗu. Da cikakken lodi a tsohuwar mota, ni ban wuce 60.

Kafin ka koma daji, a buɗe duka ƙafafu huɗu a duba. Lainin da mai ya jiƙa canja shi ake yi, ba a ƙona shi a mayar. Taka feda ka riƙe na rabin minti, in tana nitsewa a hankali akwai yoyo. A gyara birkin hannu ya kama da gaske. Ka kuma yanke waigi biyu na katako masu kyau ka riƙa tafiya da su. In mota ta mutu a hawa, kai za ka riƙe ta da birki da giya, yaro ya sa waigi daga gefe, kada ya taɓa tsayawa a bayanta.

Tambaya: Baba, ni uwa ce. Ɗana ɗan shekara sha bakwai yaron mota ne a wata akori-kurar icce. In sun yi lodi a bisa kayan yake zama, don gaba direba na ɗaukar fasinja. In na yi magana sai ya ce kowa haka yake yi. Hankalina ba ya kwanciya. Ni ce na cika tsoro?
*Uwa, Ningi, Jihar Bauchi*

Amsa: Hajiya, tsoronki a kan hanya yake, kuma Allah ya saka miki da alheri da kika rubuto. Wanda ke bisa lodi ba abin da ke riƙe da shi. Birki ɗaya mai ƙarfi, ko rami, ko reshen bishiya, ko wayar lantarki da ta sauko, ya isa. In kuma motar ta kife, iccen a kansa zai sauka. Motar da aka yi wa tsororuwar kaya ta fi kowace saurin kifewa, shi kuma yana can ƙololuwa.

Yaron ba zai iya faɗa wa ubangidansa ba, kunya da tsoron rasa aiki ba za su bar shi ba. Ki sa mahaifinsa ko kawunsa ya sami direban, cikin mutunci, a gaya masa wurin yaro gaba ne, kuɗin fasinja ɗaya bai kai ran ɗan mutane ba. In bai ji ba a kai maganar ga shugabannin tasharsu, suna da ta cewa a kansa. In duk ya ƙi, a nema wa yaron wani ubangidan. Ku kuma direbobi, amanar ɗan wani ce a hannunku, za a tambaye ku.

Tambaya: Baba, gaisuwa daga Nijar. Da tsohuwar 404 nake ɗauko icce daga kasuwannin dajin Baban Rafi zuwa cikin gari. Matsalata biyu. Da robar cikin taya nake ɗaure kaya, amma a hanya mai gargada guntaye na zubewa. Sannan yashi na riƙe ni, sai mun sauke rabin kaya mun tura. Ina mafita?
*Mai karatu, Maraɗi*

Amsa: Muna amsawa, a gaida mutanen Katsinar Maraɗi. Ku kun ma fi mu tsari a wannan fanni, tunda tun 1992 aka kafa muku kasuwannin icce na karkara, mai mota ya saya a inda aka sani ya karɓi takarda. Riƙe takardarka da kyau.

Roba ba abin ɗaure icce ba ce. Miƙewa take yi, duk rami sai kaya su yi tsalle su koma, har su sami hanyar fita, in ta tsinke kuma ido take nema. Amma tun kafin ɗauri, jeri ne rabin aikin. Manyan gungume su ne a ƙasa, a gaba, manne da bangon da ke bayan direba, a kwance bisa tsawon mota. Matsakaita a kansu, ƙirare su cike ramuka. Hagu da dama su yi daidai. Mafi yawan nauyi ya zauna tsakanin bayan direba da saitin tayar baya. Duk abin da ka tara bayan tayar baya ɗaga gaban mota yake yi, sitiyari ya yi sakayau, birkin gaba ya rage kamu, fitilu su koma haska sama suna kashe wa masu tahowa ido. Shi ya sa ba na son ganin an kwantar da murfin baya an ƙara jeri a kansa. A rufe shi a sa sakata. In babu ragar ƙarfe tsakanin kaya da gilashin bayanka, sa mai walda ya yi maka tun kafin sawu na gaba, kuma kada jeri ya wuce tsayinta. Ranar da ka taka birkin gaggawa, gungumen sama ƙeyarka zai nufa.

Ɗauri kuma da bel ɗin nan mai ƙarfen ɗamewa, irin na masu tirela amma ƙarami, guda uku a gicciye, gaba da tsakiya da baya. In babu, igiya mai kauri wadda rana ba ta ci ba, a ɗame ta sosai. A jikin ƙugiyoyin bodi ko shasi ake kamawa, ba a jikin kejin da aka ɗiga wa walda ba. In guntaye ne da yawa, rufa tamfol ko raga kafin ka ɗaure. Icce na zaunawa in ya sha girgiza, saboda haka bayan 'yan kilomitoci na farko ka tsaya ka sake ɗamewa, haka kuma kafin ka hau kwalta. Guntu ɗaya da ya faɗo a gaban mai babur ya isa ya kashe shi. In wani dogo ya leƙo ta baya, ɗaura masa jan ƙyalle, kuma kada kaya su rufe fitilun baya.

Maganar yashi, yawancinta maganar nauyi ce, koma ka karanta amsar farko ka yanki sandarka. Rage iska na taimakawa a yashi, gaskiya ne, domin tafin taya na faɗaɗa. Amma da kaya a kai kaɗan za ka rage, ka tafi a hankali, kuma sai in kana da famfo a mota, don dole ka mayar da iskar kafin ka hau hanya mai tauri. Ka fito da sassafe, yashi ya fi riƙe mota kafin rana ta gasa shi. Shiga da giya biyu, totur daidai wa daida, kada ka canja giya a tsakiya. In ta tsaya, ɗaga ƙafarka nan take. Ci gaba da ba ta wuta haƙa rami ne da ƙona kuloci, kuma fizgar da taya ke yi in ta sami ƙasa mai tauri kwatsam tana karya shaf. Haƙe yashin gaban tayoyin da shebur, shimfiɗa faranti biyu na ƙarfe ko katako, ko ƙirare daga cikin kayanka, ka fita a hankali. Da ka iso kwalta, zagaya da sifana ka taɓa notocin tayoyin baya ɗaya bayan ɗaya.

Masu tambaya a kan zafin injin da lagireto, wasiƙunku sun iso, su ne na wata mai zuwa in Allah ya kai mu.